Odilon na Cluny, shugaban da ya fasa zinariya ya sayi hatsi

A gabashin ƙasar Faransa, cikin jahar Bourgogne, kusa da birnin Mâcon, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Cluny. Wanda ya je can a yau zai tarar da doguwar hasumiya da guntun wani katafaren gini, saura duk an rushe. Amma shekaru dubu da suka wuce, babu wani gidan ibada a ƙasashen Turai da ya kai na Cluny suna da ƙarfin faɗa a ji. Sarakuna na zuwa neman addu'a, attajirai na ba da gonaki, Paparoma da kansa yana sauraron shawarar shugaban gidan.

Daga shekara ta 994 zuwa ta 1049, mutum guda ne ya riƙe wannan gida. Sunansa Odilon. Kiristoci ƴan Katolika suna lissafa shi cikin waliyyansu. Ya tara wa gidan dukiya mai yawa, ya yi gine-gine, ya yi hulɗa da manyan zamaninsa. Abin da ya sa aka fi tunawa da shi kuwa, shi ne abin da ya yi da wannan dukiya ranar da yunwa ta faɗa wa talakawa.

Su wane ne ruhubanawa?

Ruhubanawa mutane ne da suka bar harkokin duniya suka keɓe kansu domin ibada. Ba su aure, ba su mallakar kome na kansu, ko rigar da ke jikinsu ta gida ce. Suna zaune tare, suna ci tare, suna bin umurnin shugaba guda. Wannan shugaba shi ake kira abe, kalmar da ta samo asali daga harshen Aramiyanci, ma'anarta uba. Tushenta guda da kalmar Abba da Hausawa suka sani.

Dokar da mafi yawan waɗannan gidaje ke bi, wani mutumin Italiya ne mai suna Benoît ya rubuta ta a ƙarni na 6, a gidansa na dutsen Cassin. Dokar ta raba yini da dare tsakanin addu'a, da karatu, da aikin hannu. Ana taruwa addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya cikin dare. Ta kuma yi umurni da a karɓi baƙo da matalauci da girmamawa, kada a rufe musu ƙofa.

Da tafiya ta yi nisa, sai al'amura suka lalace. Masu sarauta suka mai da gidajen ibada tamkar gadonsu. Wanda ya ba da fili shi ke naɗa abe, sau da yawa ɗansa ko ƙanensa, ko da bai san kome ba game da addini. Amfanin gonakin gidan kuwa, rumbunsa yake shiga.

Amanar da aka kafa gidan a kanta

A shekara ta 910, wani babban basarake, Guillaume mai mulkin Aquitaine, ya ba da filinsa na Cluny domin a gina sabon gidan ruhubanawa. Takardar kyautar tana nan har yanzu, kuma abin da ke cikinta ya bambanta da abin da aka saba gani. Guillaume ya cire hannunsa da na zuriyarsa daga gidan baki ɗaya. Ya ce ruhubanawa su zaɓi shugabansu da kansu. Ya sa gidan ƙarƙashin kariyar Paparoma na birnin Roma, ya hana kowane sarki ko babban limami taɓa dukiyarsa. Sa'annan ya gindaya sharaɗi: kowace rana gidan ya yi aikin jinƙai ga matalauta, da mabukata, da baƙi, da matafiya masu ziyarar ibada.

Watau tun ranar farko, dukiyar Cluny amana ce. Ba ta abe ba ce, ba ta ruhubanawa ba ce. Shugabanni huɗu suka riƙe ta kafin Odilon: Bernon, da Odon, da Aymard, da Mayeul.

Tasowar Odilon

An haifi Odilon wajajen shekara ta 962 a yankin Auvergne, ƙasar duwatsu da sanyi a tsakiyar Faransa. Iyayensa masu sarauta ne, na gidan Mercœur. Jotsald, almajirinsa wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ba da labari cewa yana yaro ƙafafunsa sun shanye, bai iya tafiya, har ranar da aka ajiye shi a ƙofar wata majami'a mai sunan Maryama, ya ja jiki ya shiga ciki, ya fito da ƙafafunsa. Kiristoci sun ɗauki wannan a matsayin alama ta farko.

An kai shi karatu majami'ar waliyyi Julien a garin Brioude, inda ya zama ɗaya daga malaman wurin. Matsayi ne mai daɗi, da abinci, da girma, da hanyar ɗaukaka a buɗe. Yana kusan shekara 30 ya bar wannan duka ya tafi Cluny, ya sa baƙar riga irin ta ruhubanawa. A lokacin Mayeul ya tsufa ƙwarai. Bai daɗe da ganin saurayin ba ya ɗauke shi mataimaki. Da Mayeul ya rasu a shekara ta 994 a garin Souvigny, Odilon ya gaje shi.

Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne siriri, matsakaicin tsawo, mai sanyin magana. Yana tsananta wa kansa wajen azumi da tsayuwar dare, amma yana sassauta wa na ƙasa da shi, har wasu suka zarge shi da yawan yafiya. Amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce, in dai za a kama shi da laifi ranar hisabi, ya fi son a kama shi da laifin tausayi bisa ga laifin tsanani.

Shekaru 55 na riƙo

Odilon ba mutumin zama wuri ɗaya ba ne. Rabin rayuwarsa bisa hanya ya yi ta, daga wannan gida zuwa wancan, ya ƙetare duwatsun Alpes zuwa Italiya sau da dama. Inda duk gidan ibada ya lalace, masu shi kan kira Cluny ta gyara. Shugabannin da suka gabace shi sukan gyara su tafi. Shi kuwa Odilon sai ya riƙa ɗaure waɗannan gidaje ga Cluny, ya naɗa musu wakili wanda ke amsa umurni daga gare shi. Masana tarihi sun lissafa cewa a zamaninsa gidajen da ke bin Cluny sun tashi daga 37 zuwa 65.

Ya kuma ƙarfafa ƴancin gidan. A shekara ta 998 Paparoma Grégoire na 5 ya ba shi takarda wadda ta hana babban limamin Mâcon shiga harkokin Cluny sai an gayyace shi. A 1024 Paparoma Jean na 19 ya daɗa faɗaɗa wannan ƴanci. Manyan limamai ba su ji daɗi ba. Ɗaya daga cikinsu, Adalbéron na birnin Laon, ya rubuta wa sarkin Faransa Robert waƙar zambo, inda ya kwatanta Odilon da sarki mai rundunar mayaƙa, ruhubanawa kuwa sojojinsa. Wani babban limamin, Fulbert na Chartres, yabonsa ya yi, ya ɗauke shi tamkar shugaban mala'iku a tsakanin ruhubanawa.

Manyan duniya sun kusance shi. Sarauniya Adélaïde, matar babban sarkin Jamus Otton na 1, ta riƙe shi aboki kuma mai ba da shawara, kuma bayan rasuwarta a 999 shi ya rubuta tarihinta. Sarki Henri na 2 na Jamus, wanda Paparoma ya naɗa babban sarki a Roma a 1014, ya aika wa Cluny kayan sarauta na zinariya. A shekarun 1030 aka nemi Odilon ya zama babban limamin birnin Lyon, har Paparoma ya aiko masa da zobe da alamar muƙamin. Ya ƙi karɓa, ya zauna a gidansa.

Dukiya ta yi ta shigowa. Masu sarauta na ba da gonaki, da gonakin inabi, da dazuzzuka, da injinan niƙa na ruwa, domin ruhubanawa su yi musu addu'a bayan mutuwa. Tare da gonakin ake ba da manoman da ke cikinsu, domin a wancan zamani talaka da yawa ɗaure yake ga ƙasar ubangidansa, bai iya barinta. Gumin waɗannan manoma ne ya cika rumbunan Cluny. Da wannan arziki Odilon ya sake gina tsakar gidan da ginshiƙan marmara, waɗanda aka ɗauko daga kudancin Faransa ta kogi. Majami'a ta cika da kofuna da faranti da fitilu na zinariya da azurfa.

Shekarun yunwa

Wajajen shekara ta 1031 masifa ta sauka. Ba fari ne ya kawo ta ba, ruwa ne ya yi yawa. Wani ɗan gidan Cluny mai suna Raoul Glaber, wanda ya ga abin da idonsa, ya rubuta labarin cikin littafinsa na tarihi. Shekara uku a jere ruwan sama bai ɗauke ba. Gonaki suka jiƙe har garma ba ta shiga. Abin da aka shuka ya ruɓe, ciyawa ta rufe saura. Manomi bai mai da ko irin da ya zuba ba. Bala'in ya game Italiya, da Faransa, har Ingila.

Kuɗin hatsi ya hau inda talaka bai kai ba. Mutane suka cinye bisashensu, suka koma ga tsuntsaye, da mushe, da saiwoyin daji, da ciyawar bakin kogi. Wasu suka riƙa haƙo wata farar ƙasa mai kama da yumɓu suna gauraya ta da ɗan gari ko dusa, su gasa kamar burodi. Cikinsu ya kumbura, fuskokinsu suka zube. Raoul ya ce har an kai ga cin naman mutane: an kama wani yana sayar da shi dafaffe a kasuwar garin Tournus, an kuma kama wani a daji kusa da Mâcon yana kashe matafiya. Dukansu biyu an ƙone su. Gawawwaki suka yi yawa har aka koma haƙa manyan ramuka ana zuba ɗaruruwa a rami guda, kyarketai kuwa suna bin waɗanda ba a binne ba.

Jama'a suka kwararo ƙofar Cluny. Odilon ya buɗe rumbuna aka raba abin da ke ciki. Da rumbuna suka ƙare, ya fito da kuɗin gidan. Da kuɗi suka ƙare, sai ya juya ga majami'a. Ya sa aka sauko da kayan ibada na zinariya da azurfa, aka fasa su, aka sayar, aka sayi cimaka. Ko kambin da sarki Henri ya bayar bai tsira ba. Sa'annan ya hau hanya da kansa, tsoho mai shekara 70, yana bin gidajen masu sarauta da masu hali yana roƙon su fito da abin da suka ɓoye.

Wannan mataki ba ƙarami ba ne. A idon mutanen zamanin, kayan majami'a na Allah ne, taɓa su babban laifi ne. Kyautar sarki kuma darajar gida ce, kuma shaida ce ta kariyar da gidan ke samu daga masu ƙarfi. Waɗanda suka ba da kayan, ƴaƴansu na raye, suna iya tambaya. Ra'ayin Odilon shi ne, bai dace a hana matalauta waɗannan kaya ba alhali rayukansu sun fi zinariya daraja a wurin Ubangiji. Bai ƙirƙiro sabuwar doka ba: sharaɗin da Guillaume ya rubuta a 910 ne ya cika, a ranar da cika shi ke da tsada.

Jotsald ya kawo wani labari daga irin waɗannan kwanaki. Wata rana Odilon na tafiya, ya tarar da gawar yara biyu a kan hanya, yunwa da sanyi sun kashe su, babu sutura a jikinsu. Ya sauka daga doki, ya tuɓe rigar ulu da ke jikinsa, ya naɗe su, ya nemi masu haƙa kabari ya biya su, bai tashi ba sai da aka binne yaran.

Zinariyar Cluny ba ta kawar da yunwar ba. Raoul ya faɗa a fili cewa mabukata sun fi ƙarfin dukiyar majami'u duka, kuma da yawa sun mutu da abinci a bakinsu saboda jiki ya riga ya ƙare. Sai a shekara ta 1033 sama ta washe, aka samu damina mai albarka, hatsi ya wadata.

Tsagaita faɗa domin manomi ya yi noma

Ba ruwan sama kaɗai ke hana talaka ci ba. A Faransa ta wancan lokaci ikon sarki bai wuce kewayen birnin Paris da Orléans ba. Kowane ƙaramin basarake yana da ganuwarsa da mahaya dawakinsa, kuma in biyu suka yi rigima, ƙauyukan juna suke ƙonewa, su kore shanu, su tattake shuka. Tun a taron Charroux na shekara ta 989 shugabannin addini suka fara la'antar duk wanda ya fasa majami'a, ko ya ƙwace dabbar manomi, ko ya bugi malamin addini da bai ɗauke da makami. Wannan shi aka kira Salamar Allah.

Daga baya aka ƙara wani mataki, watau hana faɗa a wasu ranaku. An fara shi a taron Toulouges a 1027, inda aka hana kai hari daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin. Odilon ya zama ɗaya daga manyan masu yaɗa wannan tsari. Wajajen 1041 ya haɗa kai da manyan limaman kudancin Faransa suka aika wa na Italiya wasiƙa, suna kira da a ajiye makamai daga yammacin Laraba har fitowar rana ta Litinin, kowane mako. Wanda ya karya, a fitar da shi daga jama'ar masu bi.

Ba kowa ya kiyaye ba, kuma yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba. Amma a inda aka kiyaye, manomi ya samu kwana huɗu cikin bakwai da zai je gona ko kasuwa da kwanciyar rai. A ƙasar da babu alƙali mai iko bisa masu takobi, wannan riba ce babba.

Ranar tunawa da matattu

Akwai wata al'ada da Odilon ya kafa wadda ta wanzu har yau. Ya ba da umurni ga dukan gidajen Cluny cewa kowace shekara, ranar 2 ga Nuwamba, kashegarin idin dukan waliyyai, a yi addu'a ga dukan matattu masu bi, ba manya da masu kyauta kaɗai ba, har da waɗanda ba wanda ya san sunansu. Cikin umurnin ya sa a ciyar da duk matalaucin da ya zo ƙofa a wannan rana. Daga Cluny al'adar ta bazu har ta game Katolika na duniya.

Haɗa addu'ar matattu da ciyar da masu rai tsohuwar ɗabi'ar gidan ce. In ɗaya daga ruhubanawa ya rasu, ana ci gaba da fitar da rabonsa na abinci har kwana 30 ana ba matalauci, kuma ana maimaitawa duk shekara a ranar rasuwarsa.

Ƙarshensa, da abin da ya biyo baya

A ƙarshen shekara ta 1046 Odilon yana Roma lokacin naɗin babban sarki Henri na 3. Can ciwo ya kama shi, ya yi zaton ajali ne, amma ya samu sauƙi ya koma gida. Duk da tsufa, ya sake fita zagayen gidajen da ke ƙarƙashinsa. Da ya isa Souvigny, inda kabarin Mayeul yake, ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a daren shiga 1 ga Janairu 1049, yana da shekara kusan 87, aka binne shi kusa da wanda ya gada. Ba da jimawa ba jama'a suka fara ziyartar kabarinsa, kuma wani babban malamin Italiya, Pierre Damien, ya sake rubuta tarihinsa.

Magajinsa Hugues ya riƙe gidan shekara 60. A 1088 ya fara gina sabuwar majami'a, wadda ta zama mafi girma a Turai har zuwa lokacin da aka sake gina ta waliyyi Pierre a Roma. Gidajen Cluny suka kai ɗaruruwa. Amma kashe kuɗi ya fi shigowarsu, kuma a ƙarni na 12 bashi ya dabaibaye gidan. Tun a 1098 wasu ruhubanawa suka kafa sabon gida a Cîteaux, cikin jahar Bourgogne ɗin, domin komawa ga talauci da aikin hannu, kuma mabiyansu suka riƙa sukar Cluny a kan ƙawa da yawan kaya.

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 aka rufe gidan, aka sayar da ginin, ƴan kasuwa suka mai da babbar majami'ar wurin ɗibar duwatsu har wajajen 1823. Marmarar da Odilon ya ɗauko ta kogi babu ita, kayan zinariyar da aka tara bayansa an kwashe. Labarin rumbunan da ya buɗe da kambin da ya fasa kuwa, marubuta sun riƙe shi, ana kuma karanta shi bayan shekaru kusan dubu. Da ma Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.